Baƙon Da Ba Raɓa Ba: Kunkuru Mai Jan Kunne Da Makomar Fadamar Kabi

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, ma'ana komai daɗin zama, rana na ɗagawa zai kama gabansa. Wannan magana ta yi daidai idan ɗan Adam ake nufi. Amma a duniyar tsirrai da dabbobi akwai baƙin da idan suka sauka to sun sauka ke nan, babu sallama babu ranar komawa, kuma kafin a farga sai a tarar sun fi masu gida yawa, sun cinye abincinsu, sun gaje makwancinsu. A kan ɗaya daga cikin irin waɗannan baƙi nake so mu tattauna da mai karatu a wannan mako, wato wani kunkurun ruwa ɗan asalin Amurka wanda a yau ake samun sa a kowace nahiya ta duniya in ban da Antaktika mai ƙanƙara. Manufar wannan rubutu ita ce mu san shi, mu raɗa masa suna, mu kuma sa sunan a bakin Sarkawa da manoman fadama na Argungu da Birnin Kebbi tun kafin a wayi gari a gan shi yana shan hantsi a gaɓar Gulbin Rima.

Na san mai karatu zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan malamin harshe da kunkuru? Amsar ita ce, abin da ba shi da suna ba a iya kai ƙararsa. Masunci ba zai je gaban Sarkin Ruwa ya ce ya ga baƙon abu a komarsa ba matuƙar harshensa ya riga ya gaya masa cewa abin da ya gani kunkuru ne kamar kowane kunkuru. Mun taɓa yin irin wannan asara a kan wata ciyawar ruwa, kamar yadda za mu gani nan gaba, kuma bai kamata mu bari a sake maimaita mana ita ba.

Wane ne wannan baƙo?

Masana kimiyya suna kiran sa Trachemys scripta elegans. Asalinsa kwarin Kogin Misisipi ne a Amurka, har zuwa gaɓar Tekun Meziko. Alamarsa ita ce wani jan zane a bayan kowane ido, daidai inda kunne zai kasance, sannan wuyansa da ƙafafunsa suna da ratsin rawaya da kore. Idan aka ƙyanƙyashe shi bai wuce faɗin kwabo ba, launinsa kore shar, abin sha'awa ga yara. Wannan kyau nasa shi ne ya raba shi da ƙasarsa, domin an kafa gonaki musamman a Jihar Luwiziyana ana kiwonsa ana sayarwa a matsayin dabbar ado. A shekarar 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da duk kunkurun da ƙoƙon bayansa bai kai inci 4 ba a cikin ƙasar, saboda ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi da yara ke ɗauka daga jikinsa. Abin lura shi ne dokar ba ta hana fitar da shi waje ba. Sai masu gonakin suka juya akalarsu zuwa kasuwannin duniya, inda daga 1989 zuwa 1997 kaɗai aka fitar da fiye da miliyan 52 daga Amurka. Abin da suka ga bai dace da 'ya'yansu ba, shi suka yi ta aika wa 'ya'yan wasu.

Matsalar tana farawa ne bayan shekara uku ko huɗu da saye. Ɗan abin da aka kawo gida a cikin kwano yakan girma, macen har takan kusa santimita 30, ga ci, ga ƙazantar ruwa, ga cizo, kuma yana iya rayuwa shekara 30 ko fiye. Yaron da aka saya wa ya girma ya tafi makarantar kwana, iyaye sun gaji da canza ruwa, sai a ɗauke shi a kai tafki mafi kusa a sake shi, ana ganin an yi aikin tausayi. Ta wannan hanya ce, wato gida ɗaya bayan ɗaya, ya cika tafkunan Turai da Asiya. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, ta kuma sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2016. A Japan, ma'aikatar muhalli ta ƙiyasta a 2016 cewa akwai kimanin miliyan 8 a ruwayen ƙasar, kuma daga watan Yunin 2023 an haramta sayar da shi ko sakin sa. Tun a shekarar 2000 masana na Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya suka sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a doron ƙasa.

Me ya sa ƙasashe masu zafi suka fi shiga haɗari?

A ƙasashen arewacin Turai, wanda aka saki yakan rayu amma da wuya ƙwansa ya ƙyanƙyashe saboda sanyin ƙasa, don haka idan ya mutu zancensa ya ƙare. A ƙasashe masu zafi kuwa labarin ya sha bamban. Macen takan yi ƙwai sau da dama a shekara, a kowane karo daga 'yan kaɗan har zuwa ashirin da wani abu, ta haƙa rami a tudun yashi ta binne, rana ta yi mata kwanci. Daɗin daɗawa, zafin yashin ne ke tantance jinsin 'ya'yan, inda zafi mai yawa ke fitar da mata. Haka kuma macen tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta na tsawon lokaci, ta yadda mace ɗaya tak da aka saki tana iya zama uwar zuriya. Ba ya kuma zaɓen abinci: yana ƙarami ya fi son nama, wato ƙananan kifaye da ƙwansu da talibambam da ƙwarin ruwa da dodon koɗi, idan ya manyanta sai ya haɗa da ganyaye da saiwoyin tsirran ruwa.

Saboda haka ne ya zauna daram a tafkunan Singafo da Tailan da Taiwan, inda al'adar sakin dabbobi a wuraren ibadar mabiya Buda ta ƙara masa yawa. A Indiya an gan shi a ruwayen Jihar Kerala har masana suka shiga faɗakar da jama'a. A Afirka ta Kudu an same shi a ruwayen da ke kusa da manyan birane, kuma dokar ƙasar ta sa shi cikin halittun da ya wajaba a kawar. A Faransa, binciken da aka wallafa a 2003 da 2004 ya nuna cewa idan aka haɗa shi a tafki ɗaya da kunkurun ruwa ɗan ƙasa, sai ya ƙwace wuraren shan hantsi masu kyau, ɗan ƙasar ya yi ta ramewa, mutuwa ta yawaita a cikinsu. Shan hantsi ga kunkuru ba hutu ba ne kawai, da shi yake narkar da abinci, da shi mace ke nunar da ƙwai. Wanda aka hana rana, an hana shi haihuwa.

Giwan ruwa a ƙasar wasu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mugunta ce a jinin wannan kunkuru. A Misisipi ɗan gida ne mai ladabi, domin akwai kadoji da tsuntsaye da dabbobin da ke cin ƙwansa da 'ya'yansa, suna taƙaita yawansa. Rabuwa da waɗannan maƙiya ne ke mayar da shi annoba. Mu mutanen Kabi mun fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin muna da misali a cikin gidanmu. Giwan ruwa, kifin da ake auna jarumtar masunci da shi a Matan Fada, wanda a bikin 2020 aka kamo mai nauyin kilo 78, shi ne aka ɗauka aka zuba a Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas a shekarun 1950. Ya yi shiru na kusan shekara 25, sannan a shekarun 1980 ya ɓarke da yawa, ya bi ƙananan kifayen tafkin da ci, har aka rasa kimanin nau'i 200 daga cikin kusan 500 da babu irinsu a ko'ina a duniya. An samu masana'antun fitar da naman kifi zuwa Turai a garuruwa irin su Mwanza da Kisumu, amma ƙananan masunta sun rasa kifayen da suka gada suna shanyawa a rana. A yau giwan ruwa yana cikin jerin nan na halittu 100 mafiya ɓarna, kafaɗa da kafaɗa da kunkuru mai jan kunne. Abin alfaharinmu shi ne abin kukan wasu.

Haka ma a ɓangaren kunkuru, wani kunkurun laka ɗan asalin Afirka ta Yamma ya daɗe da kafa zuriya a fadamun tsibirin Gwadalup na yankin Karebiyan, inda hannun mutane ya kai shi. Darasi biyu ne a nan. Na farko, kowace halitta tana iya zama ɓarna idan aka raba ta da muhallinta. Na biyu, shirun baƙo ba shaidar lafiya ba ce, domin giwan ruwa ya yi shekaru yana tara ƙarfi ba wanda ya damu da shi.

Darasin kainuwa

A nan ne harshe ya shigo. Hausa tana da hanyoyi biyu na karɓar baƙon abu. Wani lokaci takan liƙa masa alamar baƙunci, kamar yadda muka ce dankalin Turawa domin mu bambanta shi da dankalin da muka fara sani, ko masara wadda sunanta ke nuni da hanyar Masar. Wani lokaci kuma takan ɗauki tsohon suna ta ɗora wa baƙo, har ma baƙon ya ƙwace sunan gaba ɗaya. Misali, gwanda ta asali ita ce wadda a yau muke kira gwandar daji. Da wadda muke sha yanzu ta iso daga nahiyar Amurka sai aka kira ta gwandar Masar, daga baya aka yar da Masar ɗin, ta zama ita ce gwanda, mai gida kuma aka tura ta daji.

Irin haka ce ta faru da kainuwa. Kainuwar da kakanninmu suka sani, wadda Dalziel ya rubuta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ƙaramar ciyawa ce mai kama da latas da ke yawo a saman tafki, ita ce kuma ake yi wa kirari da dashen Allah. To amma akwai wata ciyawar daban, 'yar asalin kwarin Kogin Amazon a Kudancin Amurka, mai kumburarren kara da fure ruwan shuni, wadda ke iya ninka yawanta cikin kimanin mako biyu. An fara ganin ta a Najeriya a ruwan Badagiri a 1984, kuma zuwa farkon shekarun 1990 ta biyo Kwara daga Jamhuriyar Nijar ta gangaro yankin Yawuri da Tafkin Kainji, ta toshe mashigai, ta hana kwale-kwale wucewa, ta cinye taru, ta zama maɓoyar macizai da sauro, har sai da aka kafa shinge a kan kogin domin tare ta. Da ta iso ba mu ba ta sabon suna ba, sai muka ce kainuwa. Wanda duk ya ji an ce kainuwa ta yi yawa a gulbi, ba zai tashi hankalinsa ba, ai dashen Allah ce, da ita muka taso. Tsohon suna ya zama rigar da baƙuwa ta saka ta shige gari ba wanda ya tambaye ta daga ina.

Kalmar kunkuru tana da wannan haɗari, har ma fiye. A bakin mafi yawan mutanen birni, duk abin da ke da ƙoƙo a baya kunkuru ne, na tudu ne ko na ruwa. Ƙalilan ne daga cikin ɗalibanmu na jami'a a yau za su iya bambanta kunkuru da kififiya, wato ta ruwa mai taushin baya da dogon hanci. Amma Basarke wanda ke rarrabe tarwaɗa da ramboshi, ya san ragon ruwa da ƙurungu da yauni da tsage da balli da minjirya kowanne da halinsa da lokacinsa, yana da idon da babu wani masani daga birni da ke da irinsa. Abin da ya rage shi ne a ba wannan ido kalmar da zai yi aiki da ita.

Fadamar Kabi da abin da ke cikinta

Gulbin Rima, bayan ya haɗu da Gulbin Sakkwato, yakan bi ta Argungu ya wuce Birnin Kebbi ya gangara ya faɗa Kwara, yana shimfiɗa fadama mai faɗin gaske, cike da tafkuna da rassan ruwa da tudun yashi. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a shekarun 1980, yanayin ruwan ya sauya, ga kuma hanyoyin ban-ruwa da rijiyoyin fadama da suka sa danshi ke daɗewa har cikin rani. Ruwa mai kwanciya, ƙasa mai laka, ciyayi, yashi mai zafi: duk abin da wannan kunkuru ke nema a duniya ke nan. Bugu da ƙari, fadama ba ta da katanga. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 ya san cewa idan gulbi ya cika, kududdufin bayan gari da tafkin gona da uwar ruwa duk sukan zama abu ɗaya. Abin da aka saki a wani kwatami a Birnin Kebbi cikin watan Yuli, ba abin mamaki ba ne a tsince shi a Bunza ko Yawuri kafin kaka.

Abu uku ne ke cikin haɗari. Na farko kifi, domin a ruwa mara zurfi na fadama kifaye ke zuba ƙwai, a nan 'ya'yansu ke girma kafin su koma gulbi, a nan kuma wannan kunkuru ke kiwo. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, wanda kuma UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya dogara ne kacokan a kan lafiyar wannan ruwa. Akwai ma wani abin lura: hikimar magabata ta hana su a Matan Fada sai lokacin biki, domin kifi ya samu ya girma. Wannan hani da ke kare kifi, shi ne kuma zai kare duk baƙon da ya shiga wurin, ya yi shekara guda yana hayayyafa ba koma ba taru.

Na biyu kunkurayenmu na gida, waɗanda dama a wahale suke. Kififiya tana raguwa saboda kamu da lalacewar wuraren ƙwanta. Akwai wata babbar kififiya da a da ake samu daga Ghana har Sudan, ciki har da Najeriya, wadda aka shafe shekaru masana ba su sa ta a ido ba sai a 2017 a Sudan ta Kudu. Shi kansa babban kunkurun tudu na Sahel, na uku a girma a duniya, yana cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kwasar sa da ake yi ana kai wa masu kiwon ado a ƙasashen waje. Kasuwar da ke kwashe namu, ita ce ke shigo da na wasu.

Na uku noma. A Japan manoman saiwar wani irin bado a yankin Tokushima sun yi asara mai yawa saboda wannan kunkuru yana cinye sabon toho. Kuma ƙofar da zai shigo ta ita ce ƙofar da wasu za su biyo. Wani dodon koɗi ɗan Kudancin Amurka da aka kai Asiya a shekarun 1980 ya zama babban maƙiyin dashen shinkafa a Filifin, kuma a 2020 an tabbatar da ɓullarsa a gonakin shinkafa na Mwea a ƙasar Kenya. Jihar da a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, jihar da tattalin arzikinta ya rataya a kan fadama, ba za ta ce wannan ba ruwanta ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Amsa ga masu cewa ba yanzu ba

Wani zai ce, Malam, ana fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa kai kuma kana zancen kunkuru. Wannan magana tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Sai dai talaucin ne ma ya sa ya kamata mu yi rigakafi, domin mai kuɗi ne ke iya jinya mai tsada. Rahoton masana na duniya da aka fitar a 2023 ya nuna cewa baƙin halittu masu ɓarna sun haura nau'i 3,500, suna jawo asarar fiye da dala biliyan 423 a shekara, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka tabbatar sun ƙare. Mu ma mun ɗanɗana: a 2016 tsutsar tumatir 'yar Kudancin Amurka ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, a shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara 'yar Amurka a Najeriya, wadda har yau manoma ke kashe kuɗin magani a kanta.

Wani kuma zai yi dariya ya ce idan ya zo ai miya ta samu, cinye shi za mu yi. To, babu inda ake cin kunkuru kamar ƙasar Sin da maƙwabtanta, amma hakan bai hana shi kafuwa a can ba, domin tukunya manya take kamawa, ƙwai da 'ya'ya suna can cikin yashi da ciyawa. Wani zai ce ai ba duk baƙo ne mugu ba, ga dogon yaro da aka kawo daga Indiya yana ba mu inuwa, ga rogo da masara da tumatir suna ciyar da mu. Haka ne. Bambancin shi ne waɗannan an shuka su ne a inda ake so, ana kuma iya sare su idan an ga dama. Abin da ya shiga gulbi kuwa ya fita daga hannun kowa. Kasuwar dabbobin ado da kifayen gilashi tana bunƙasa a Legas da Abuja, ana talla a intanet, motoci kuma suna tasowa kullum zuwa Kebbi. Tsakanin shagon Abuja da gaɓar Rima tafiyar yini guda ce kawai.

Abin yi

Da farko mu ba shi suna. Shawarata ita ce a kira shi Jan-kunne. Sunan gajere ne, yana siffanta alamar da ke jikinsa, kuma ya yi daidai da jan kunne na gargaɗi, wanda karin sauti kawai ya raba su a bakin Bahaushe. Tare da sunan a koya wa jama'a alama ta biyu wadda ta fi ta farko tabbas, domin jan zanen yakan dusashe a jikin tsofaffin maza. Kunkurayen ruwa namu masu taurin baya, idan suka tsorata, lanƙwasa wuya suke yi gefe guda su ɓoye kai a ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Shi kuwa Jan-kunne janye kansa yake yi kai tsaye zuwa ciki, kamar na tudu. Saboda haka duk kunkurun ruwa mai taurin baya da ratsin rawaya a wuya, wanda ya janye kai miƙe, to baƙo ne, kada a mayar da shi ruwa. Wannan bayani ne da yaro ɗan shekara goma zai riƙe.

Na biyu, a bi ta hannun masu ruwan. Masarautun Argungu da Gwandu da Yawuri suna da Sarakunan Ruwa da shugabannin masunta waɗanda maganarsu ke isa inda takardar gwamnati ba ta isa. A Argungu, Sarkin Ruwa da Homa su ne dama al'ada ta ɗora wa kula da lafiyar gulbi da tsarin su. A ba su hotuna masu launi da bayani a boko da ajami, a kuma ware lambar waya guda da za a kira. Duk lokacin da aka yi biki, dubban masunta daga Kebbi da Sakkwato da Neja da Jamhuriyar Nijar kan taru a wuri guda, babu ajin da ya kai wannan girma. Gidan Tarihi na Kanta ma yana iya ware kusurwa guda domin halittun gulbi, na gida da baƙi, kowanne da sunansa.

Na uku, jami'o'inmu su yi aikinsu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, su haɗa malaman nazarin dabbobi da malaman harshe su bi tashoshin masunta tun daga Augie har Yawuri, su tattara sunan kowane kifi da kunkuru da ciyawar ruwa a Kabanci da Zabarmanci da sauran harsunan gaɓa, su haɗa kowane suna da hotonsa da sunansa na kimiyya. Wanda bai ƙidaya 'yan gidansa ba, ba zai gane baƙo ya kwana a cikinsu ba. Tsofaffin da ke riƙe da waɗannan sunaye kuma kullum raguwa suke yi.

Na huɗu, Gwamnatin Tarayya ta toshe ƙofa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare halittu tun 1994, wadda ta wajabta wa ƙasashe hana shigowar baƙin halittu masu ɓarna. Hukumar killace tsirrai da dabbobi da ke aiki a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007, su haramta shigo da wannan kunkuru da sayar da shi, kamar yadda Turai da Japan da Afirka ta Kudu suka yi bayan sun sha wuya. Majalisar Dokokin Jihar Kebbi kuma tana iya yin tata dokar da za ta hana sakin kowace baƙuwar dabba ko kifi ko tsiro a ruwayen jihar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ƙarshe kuma ya shafe mu ne kai tsaye, mu ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai masu karanta wannan shafi, domin ba masunci ne zai sayo kunkurun ado ba, mu ne masu zuwa Abuja da Legas da Dubai mu dawo wa yara da tsaraba. Kada mu saya. Wanda kuma ya riga ya saya, to ya sani ya ɗauki amanar shekara 30, ya riƙa sa yara wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa shi, idan kuma ya gaji ya miƙa shi ga sashen nazarin dabbobi na jami'a mafi kusa ko ofishin likitan dabbobi. Kai shi gulbi da sunan tausayi zalunci ne ga kififiya da kifi da masuncin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Kainuwar Amazon ta shigo mana ne a cikin sunan aro, sai da ta rufe mashigai muka fara tambayar asalinta. A wannan karo muna da damar da ba mu samu a wancan lokaci ba, wato mu san baƙon tun yana hanya. Kira nake yi ga Gwamnatin Jihar Kebbi da iyayenmu sarakuna da gidajen rediyonmu da su ɗauki wannan magana tun tana ƙarama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.